Kashe Wuta da Kulle Ta a Wurin Aikin Babban Lantarki: Tambayoyin da Ma'aikatanmu na Accra Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin 'yan'uwanmu na Nima, Mamobi, Fadama, Madina da Ashaiman masu neman abinci a gefen babbar wuta: masu wayarin da suka fara samun aiki a masana'antun Tema, masu walda, masu fenti, leburorin haƙa ramin kebul, direbobin katafila da ƙananan 'yan kwangila. Kowane kamfani yana da nasa littafin dokokin tsaro. Inda littafin ya fi abin da ke nan tsauri, shi za a bi.

Wace wuta ce ake kira babba, kuma ina take a Accra?

A ma'aunin da duniya ke bi, wutar layi da ta haura bolt 1,000 babba ce. Ta gidajenmu bolt 230 ce, mai layi uku kuma 400, ko da yake tsofaffin hannu har gobe 240 da 415 suke cewa. Wayoyin ECG, kamfanin rarraba wuta, da ke bi ta saman falwaya ko ta ƙarƙashin titi zuwa taransifomar unguwa su ne masu 11,000 da 33,000. Na GRIDCo, kamfanin manyan layukan ƙasa, da ke kan dogayen hasumiyoyin ƙarfe, masu kawo wuta daga Akosombo da Aboadze da Tema zuwa manyan tashoshi irin na Achimota da Mallam, yawancinsu 161,000 ne. Tashar Pokuase da aka buɗe a 2021 kuwa a kan layin 330,000 take.

Mai wayarin gida da ya shigo wannan fage sai ya cire wa kansa tunanin cewa sai an taɓa waya take kama mutum. Babbar wuta tana tsallakowa ta iska idan ka matso. Abin da ke kisan ma bai taka kara ya karya ba: kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda, in ya ratsa ƙirji, ya isa ya rikita bugun zuciya.

An ce an kashe wutar. Ba shi ke nan ba?

A'a. Kashewa daban, keɓewa daban. Idan aka buɗe bireka, wato babban makunnin da ke katse wuta, wuta ta katse, gaskiya ne, amma bakinta a cikin akwati yake, ba ka ganinsa. Ana iya mayar da ita daga ɗakin kwantirol da ke wata unguwa can, wasu layukan ma akwai na'urar da ke mayar da wuta da kanta bayan 'yan daƙiƙu. Keɓewa ita ce a buɗe aisoleta, wato makunnin da ke raba layi da wurin aiki, ko a jawo birekar waje daga mazauninta, ko a cire fis, yadda za a samu tazara ta gaske tsakanin wuta da wurin aiki, sannan a garƙame da kwaɗo. Bireka ake fara buɗewa, aisoleta ta biyo baya. Aisoleta ba a ƙera ta don katse wuta mai ɗauke da kaya ba, wanda ya ja ta haka nan a fuskarsa za ta fashe.

Ɗauke wuta kuwa ba komai ba ne. Wanda ya ga unguwa ta yi duhu ya ce bari ya yi sauri ya hau kafin a kawo, da ransa yake caca, don mai dawo da ita bai san da zamansa a sama ba.

To mene ne cikakken tsarin, daga farko?

Matakai biyar ne, kuma haka suke jere a ƙa'idar Turai mai lamba EN 50110. A katse wuta a keɓe ta daga duk ɓangaren da za ta iya shigowa. A kulle don kada wani ya mayar. A gwada a tabbatar babu wuta. A ɗaure layukan da ƙasa tare da haɗa su da juna. A killace duk abin da ke kusa wanda har yanzu yake da wuta. Sai an gama waɗannan ake rubuta famit, wato takardar izinin aiki. Jerin ba ya canzuwa don ana sauri, kuma kowane mataki yana nan ne don ya tare kuskuren da aka yi a na gabansa. Akwai ƙarin bayani a ƙasa.

Wa ke da iko a wurin aikin? Injiniyan kamfaninmu ko mutanen wuta?

Mai kayan shi ke da ikon keɓe kayansa. Manyan layukan ƙasa suna hannun cibiyar kwantirol ta GRIDCo da ke Tema. Layukan rarrabawa na Accra suna hannun kwantirol na ECG. Masana'antar da ke da taransifomarta da ɗakin makunnanta tana da nata mutum da ta ba izini a rubuce. Ɗan kwangila, komai girman takardunsa, ba ya taɓa makunnin da ba a ɗora masa ba.

A kan kowane aiki za ka tarar da mutum uku: mai kwantirol da ya san halin dukan layin a wannan sa'a, mai izinin buɗewa da kullewa wanda shi ke ba da famit, da shugaban ayarin ma'aikata mai karɓar famit ɗin. Inda abin ya fi lalacewa shi ne kan iyaka, wato inda kayan ECG suka ƙare na masana'anta suka fara. Nan ne kowa ke zaton ɗayan ya kashe nasa gefen. Maganinsa shi ne kowane ɓangare ya ba ɗayan shaida a rubuce cewa ya keɓe ya kulle, kuma ba zai mayar ba sai an dawo masa da takardar.

Me ke cikin famit, kuma me zan duba kafin in sa hannu?

Sunan kayan da lambarsu, aikin da aka yarda a yi, wuraren da aka keɓe, inda aka ɗaura wayoyin ƙasa, wato masu haɗa layi da ƙasa, da yawansu, abin da ke kusa mai wuta, sai sa hannun mai bayarwa da mai karɓa da lokaci. Famit na wannan aikin ne kaɗai. Idan an rubuta gyaran taransifoma ta biyu, ka kuma hango wani noti ya saki a ta ɗaya, ba ruwanka da shi sai an rubuta wani.

Kada ka sa hannu a ofis. Gani ya kori ji: ka bi mai izinin ya nuna maka aisoletar a buɗe, kwaɗon a jiki, wayar ƙasa a ɗaure, ka gwama lambar da ke jikin ƙarfen da wadda ke kan takarda. Akwatunan makunni a ɗaki ɗaya duk kama ɗaya suke, fenti ɗaya, tsawo ɗaya. Daga gaba kowanne da lambarsa, amma da yawa daga baya babu rubutu, kuma ta baya ake buɗewa a shiga wurin kebul. Mutum ya ƙirga na uku daga hagu, ya zagaya baya ya sake ƙirga na uku daga hagu, ya buɗe wanda ke da wuta. Shi ya sa ake liƙa alama a bayan wanda za a yi wa aiki, a kuma rataya gargaɗi a kan maƙwabtansa biyu.

Me ya sa sai kowa ya sa nasa kwaɗon? Na injiniya bai isa ba?

Kwaɗon injiniya yana kare tsarin, naka yana kare ka. Muddin makullin yana aljihunka, babu wanda zai mayar da wuta kana ciki, ko da kuwa ya manta da kai. Wannan tsari ya zama doka a Amurka tun 1989, manyan kamfanoni da ma'adinai a Ghana kuma sun ɗauke shi. Kwaɗo ɗaya, makulli ɗaya, da sunanka da lambar wayarka a jiki. Ba a aro, ba a ba yaro ya riƙe.

Idan mutum goma sha biyu ne a aikin kuma wuraren keɓewa huɗu, ba za a rataya kwaɗuna arba'in da takwas ba. Akwati ake kawowa. Mai izini ya kulle wuraren huɗu da nasa, ya zuba makullan a cikin akwatin, ya rufe, sai kowane ma'aikaci ya maƙala nasa kwaɗon a bakin akwatin. Da safe za ka ga layi, kowa da hular kwano a hammata, ana ta ƙwas ƙwas. Da yamma akwatin ba zai buɗu ba sai na ƙarshe ya cire nasa. Allon gargaɗi shi kaɗai, babu kwaɗo, roƙo ne kawai, iska ma tana iya yar da shi.

Wani ya tafi gida da makullinsa, ga shi ana jiran wuta. A fasa kwaɗon?

Ba da garaje ba. A kira shi ya dawo, ko da daga Kasoa ne cikin cunkoso. In hakan ta faskara, babban mai izini ne kaɗai zai yanke, bayan ya yi magana da mutumin baki da baki, ya zagaya wurin da kansa ya ga babu kowa babu kayan aiki, ya rubuta dalili a littafi. Washegari a tare mutumin tun daga ƙofa a gaya masa kwaɗonsa ba ya nan, kada ya wuce kai tsaye ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Da me ake gwada babbar wuta? Testata ta aljihu fa?

Testar da ke kama da sukuddireba ka bar ta a gida, ko a ƙaramar wuta ma ba abar dogaro ba ce. Ana amfani da na'urar gwaji da aka ƙera don girman wannan wutar, a kan doguwar sanda wadda wuta ba ta bin ta. Sau uku ake aikin: a gwada na'urar a kan abin da aka san yana da wuta ko a kan ɗan akwatin gwajinta, a gwada layukan uku ɗaya bayan ɗaya, sannan a sake gwada na'urar. Dalilin na ƙarshen a fili yake, na'urar da batirinta ya mutu ita ma shiru za ta yi maka. Har a gama gwajin nan, ana ɗaukar layin a matsayin mai wuta, da safar hannu da kariyar fuska da komai.

In gwaji ya nuna babu wuta, me ya kawo ɗaure layi da ƙasa?

Gwaji yana gaya maka halin da ake ciki a wannan minti ne. Wayar ƙasa ita ke tsare ka har yamma. Hanyoyin da wuta ke dawowa kan mataccen layi suna da yawa. Wani na iya kuskuren makunni. Janareto na iya turo ta daga baya, kamar yadda amsa ta gaba ta yi bayani. Dogon kebul yana riƙe caji bayan an kashe shi, kamar tiyo da ke cike da ruwa bayan an rufe famfo. Tsawa na iya faɗawa kan layin a Nsawam kai kana Ofankor rana na dukanka, musamman daga Afrilu zuwa Yuni. Sannan layin da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wani mai wuta yana tsintar wuta daga maƙwabcinsa ba tare da sun haɗu ba. A hasumiyar da ke ɗauke da layi biyu, ɗaya a kashe ɗaya na aiki, wannan tsintacciyar wutar ta isa kisa.

Wajen ɗaurawa, gefen ƙasa ake fara kamawa da kyau a kan ƙarfe mai tsabta, ba kan fenti ko tsatsa ba, sannan a ɗaga ɗaya gefen da sanda a maƙala a layi. Wajen cirewa a juya: layi farko, ƙasa ƙarshe. Wanda ya fara cire gefen ƙasa da hannu, shi ya zama hanyar wutar. A ɗaura ta kowane gefe da wuta ke iya zuwa, kuma ya kasance akwai wadda kake hange daga inda kake aiki. In za ka yanke waya gida biyu, kowane rabi sai da tasa.

Kaurin wayar ba ado ba ne. An auna ta ne ta ɗauki dubban amfiya har bireka ta faɗi. Guntun kebul ɗin walda da wasu ke ƙullawa zai narke kafin nan.

Yaya ƙaramin janareto na shago zai kashe mutum a kan layin 11,000?

Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take rage 11,000 zuwa 400, haka in ka ba ta 400 ta ƙasa za ta ɗaga ta zuwa 11,000 ta tura sama. Tun shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, daga 2012 zuwa 2016, janareto ya cika Accra: gidan burodi, ɗakin sanyi na masu kifi, otal, masallaci, gidan biki. Yanzu kuma ga sola da inbata. Inda aka sa makunnin canjoba na ƙwarai, janareto da layin gwamnati ba sa haɗuwa. Amma mun san yadda ake yi a lungunanmu, a soka waya a soket a ce ai an sauke babban makunni. Ranar da aka manta ba a sauke ba, wutar ta fita ta mita, ta bi falwaya, ta shiga taransifoma.

Abin takaicin shi ne kashe wutar da aka yi domin aikinka shi ke sa mutane tayar da janareto. Ka gwada da ƙarfe takwas babu komai, ƙarfe tara da rabi zafi ya ishi wani ya ja igiya. Saboda haka aikin taransifoma ba ya kammala keɓuwa sai an cire fis ɗin gefen ƙaramar wuta, ko an buɗe makunninsa an kulle, an kuma ɗaure gefen biyu da ƙasa. A masana'anta a tambaya musamman game da janareton da ke tashi da kansa da zarar wuta ta ɗauke. Shi ma sai an kulle birekarsa an hana shi tashi, a kuma rubuta shi cikin famit.

Ban da wutar layi, akwai wani ƙarfi da ke ɓoye a cikin kayan?

Akwai, kuma shi ke cinye yatsu. Bireka tana aiki da sifirin da aka ɗana, wasu kuma da iska ko mai da aka matse. In ba a sake shi ba, za ta iya harbawa hannunka na ciki. Tashar wuta tana da ɗakin batir, galibi bolt 110, wanda ba ruwansa da kashe layi. Jerin kafasita, masu riƙe caji, sai an jira mintunan da aka rubuta a jikinsa, sannan a gwada, a sauke cajin ta wayar ƙasa. Ƙaramar taransifomar awon bolt na iya dawo da wuta ta baya idan ba a cire fis ɗinta ba. Ta awon amfiya kuwa ba a taɓa barin wayoyinta na fita a buɗe alhali layi na aiki, don wutar da za ta taru a bakinsu tana kai dubban bolt. Iskar SF6 da ke cikin sababbin makunnai ta fi iskar shaƙa nauyi kusan ninki biyar, in ta zuba ramin kebul take kwanciya, ba wari ba launi. Duk waɗannan sai sun fito a takarda, kowanne da yadda aka kashe shi.

Ayari biyu ko uku na aiki a kan layi ɗaya. Yaya ake haɗa su?

Kowane ayari da nasa famit, da nasa shugaba, da nasa wayoyin ƙasa a wurin aikinsa. Ba a fakewa a ƙarƙashin famit ɗin wani. Masu sare rassan itace da suka ji cewa yau an kashe layin saboda masu canza falwaya, suka ce bari su ci albarkaci, ba sa cikin lissafin kowa. Masu falwaya na gamawa za a mayar da wuta. Duk famit ɗin da ke kan layin a hannun mai kwantirol ɗaya suke haɗuwa, kuma ba zai ba da umarnin mayarwa ba sai an soke na ƙarshe.

Ba a yin alkawarin lokaci. "Ƙarfe huɗu za mu mayar, ku tabbata kun sauka" magana ce da ta kashe mutane a ƙasashe da dama, don agogo ba ya ganin wanda noti ya ƙi kwancewa a hannunsa. Sanarwar da ake yi wa jama'a cewa wuta za ta dawo ƙarfe kaza ta masu shago ce, ba ta ma'aikata ba.

Gwaji kuma nasa tsarin daban. Mai gwada kebul yakan cire wayoyin ƙasa ya tura masa wutar gwaji mai yawa, kuma kebul ɗin na iya ɓullowa a wata unguwa. Kafin a ba shi takardar izinin gwaji sai an janye duk wani famit da ke kan wannan kebul, an kuma ajiye mutum a ɗaya bakin yana gadi.

Da wane harshe za a yi magana, tunda ayarin namu gauraye ne?

Umarnin buɗewa da rufewa tsakanin kwantirol da mai izini da Turanci ake yin sa. Ana rubutawa, mai karɓa ya maimaita kalma da kalma, mai bayarwa ya ce daidai ne, sannan a taɓa makunni. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Idan layin waya ya yanke a tsakiya, ba a cike sauran da ka.

Bayanin safe ga ma'aikata kuwa da harshen da suke ji za a yi, Hausa ce, Twi ce, Ga ce. Kuma "kun gane?" ba tambaya ba ce, kowa zai ce e, musamman yaro a gaban maigidansa. Ga yadda shugaban ayari mai hankali ke yi:

"Kai ɗan autanmu, wace taransifoma ce tamu yau?"
"Ta biyu, Masta."
"Je ka tsaya a gabanta in gani. To, wancan ƙarfen da ke bayan jan ƙyalle fa?"
"Yana da wuta, Masta."
"In ka ga tsani ya gaza?"
"In zo in faɗa maka."
"Madalla. Baba mai fenti, kai ma zo ka nuna min iyakarka."

Mun tafi sallar Juma'a ko cin abinci mun dawo. Sai mu ci gaba kawai?

A sake dubawa tukuna: kwaɗuna na nan, wayoyin ƙasa na nan yadda aka bar su, ƙyallen killacewa bai matsa ba. Minti biyar ne. Wayar ƙasa jan ƙarfe ce mai tsada a wurin 'yan gwangwan, kuma wurin aiki da aka bari ba kowa na awa biyu, komai na iya faruwa. In aikin zai kwana ko za a canza ayari, mai shigowa ya sa kwaɗonsa kafin mai fita ya cire nasa, a kuma miƙa famit hannu da hannu a gaban kayan, ba ta WhatsApp ba.

A rami mun tarar da kebul uku. Yaya za a san wanda aka kashe?

Ba da ido ba, ba da taswira kaɗai ba. Titunan Accra an haƙa an binne an sake haƙawa, kebul na iya sauya gefe a ƙarƙashin kwalta ba wanda ya zana. Mai izini zai tura sigina daga bakin kebul ɗin da aka keɓe, ya bi ta da na'ura har ramin. Bayan haka a ɗaura wa kebul ɗin bindigar huda, kowa ya fita daga ramin, a harba ta daga nesa. In kuskure aka yi, ƙarfe ne zai ƙone, bireka ta faɗi. Sai an yi wannan ake kawo zarto.

Leburori kuma, da zarar diga ta fito da jan tef ko jerin fale-falen kankare, a ajiye ta a koma shebur a hankali, a kira shugaba.

Ni ba mai lantarki ba ne, gini nake yi kusa da layi. Nawa ne tazarar?

Ga mai motar ɗaga kaya, mai tifa da mai kafa sikafol, ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada komai ya matsa ƙasa da mita 3 daga layin 11,000 ko 33,000, kuma tazarar na ƙaruwa da girman wuta. Rodi, kwanon rufi da tsanin alminiyom a kwance ake ɗaukarsu. A ƙarƙashin manyan layukan GRIDCo doka ta hana gini da kasuwanci: mita 15 kowane gefe ga layin 161,000, mita 20 ga na 330,000. Cewa akwai kwantenoni da gareji a wurin bai sa dokar ta tashi ba.

Idan motarka ta taɓa layi, zauna a ciki, ka hana kowa matsowa. Sai in wuta ta kama motar za ka fita, ka yi tsalle ƙafa biyu a haɗe ba tare da ka riƙe ƙarfen motar ba, ka ja ƙafa a hankali ba tare da ka raba su ba har ka yi nisan mita 10. Ƙasar da ke kewaye tana ɗauke da wuta, dogon taku zai sa ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗaya.

Wane kaya zan sa?

Safar hannun roba aji-aji ce: aji 0 bolt 1,000, aji 2 bolt 17,000, aji 4 bolt 36,000. Kafin sawa a naɗe bakinta a matse iska a saurara ko tana tsiyaya, a duba ranar gwajinta, a ɗora ta fata a kai. Tartsatsin babbar wuta zafinsa na iya kaiwa digiri 19,000, saboda haka mai buɗewa da mai gwaji suna sa rigar da aka auna don wannan, da kariyar fuska. A ƙarƙashinta auduga zalla. Rigar ƙwallo da yadin roba narkewa suke su manne da fata. Zoben azurfa, agogo da sarƙa a bar su a jaka.

Ina da lasisin wayarin na Hukumar Makamashi. Bai ba ni damar buɗe makunnin 11,000 ba?

Bai ba ka ba. Lasisin da ake bayarwa a ƙarƙashin dokar wayarin ta 2011, wato L.I. 2008, na wayarin gidaje da shaguna da masana'antu ne. Izinin taɓa makunnin babbar wuta mai kayan ne ke ba da shi a rubuce, bayan horo da jarrabawa, kuma a kan kayan da aka ambata kaɗai. Duba amsar da ta yi magana a kan masu iko a wurin aiki.

Maigida ya ce in hau, famit na hanya. Zan iya ƙi?

Za ka iya. Dokar Ƙwadago ta 2003, Act 651, a sashe na 118 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin samar da wurin aiki mai aminci. Sashe na 119 kuma ya ce ma'aikacin da ke da dalilin ganin ransa na cikin haɗari na kusa ya sanar da shugabansa ya janye, kuma ba za a kore shi ko a riƙe masa albashi saboda haka ba. Mun san ɗan aikin yini da ke jiran kuɗin cefane ba ya jin daɗin wannan magana kamar mai albashi. Ba sai an yi faɗa ba: "Masta, a yi haƙuri, a nuna min wayar ƙasa in hau." Maigidan da ya san aiki ba zai ji haushin wannan ba.

Wuta ta kama wani a gabana. Me zan fara yi?

Kada ka taɓa shi, kada ka matsa. Dabarar ture mutum da busasshiyar sanda ta wutar gida ce, a babbar wuta sandar ma hanya ce. A kira kwantirol a kashe, a kira 112 ko 193 don motar asibiti. Shi ya sa ake rubuta lambar kwantirol a kan famit tun da safe. Bayan mai izini ya tabbatar an keɓe, in mutumin ba ya numfashi a fara danna ƙirji, sau 30 a hura sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya har taimako ya iso. Ba a binne shi cikin yashi, ba a ɗura masa madara, ba a shafa wa ƙuna man ja.

Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti. Babbar wuta tana ƙona nama ta ciki, ɗan tabon da ke tafin hannu ba ya nuna girman ɓarnar, ƙoda da zuciya na iya rikicewa daga baya. Asibitin Korle Bu na da cibiyar kula da ƙuna. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 ya kai rahoton haɗarin, maganar diyya kuma tana ƙarƙashin dokar 1987, PNDCL 187.

An gama aiki. Yaya ake mayar da wuta?

Shugaban ayari ya tara mutanensa ya ƙirga su da suna, ya ƙirga kayan aiki. Sifana ɗaya da aka manta a kan sandunan jan ƙarfe ta isa ta tarwatsa akwatin makunni. Ya cire wayoyin ƙasa da ayarinsa suka ƙara, ya gwama yawansu da abin da aka rubuta, a mayar da murafu, ya faɗa wa kowa a fili cewa daga yanzu kayan nan masu wuta ne, ko hula ka manta a ciki ba komawa. Kowa ya cire kwaɗonsa da hannunsa. Sannan ya sa hannu ya mayar da famit.

Mai izini ya soke famit ɗin ya sanar da kwantirol. Kwantirol ya duba ko akwai sauran famit a kan layin, kamar yadda aka faɗa a amsar ayari biyu. Sai da umarninsa za a cire manyan wayoyin ƙasa, a rufe aisoleta, bireka ta zo ƙarshe, kuma lokacin rufe ta ba mai tsayawa a ɗakin sai wanda aikin ya zama dole a kansa. In an yanke kebul an sake haɗawa, ko an canza taransifoma, a gwada jerin layukan uku kafin a haɗa da wani layin da ke kawo wuta ko a saki wuta ga masana'anta, don layi biyu da suka sauya wuri za su sa duk injinan su juya da baya.